Kati na hannu, mita na kan turke, gida na duhu: Matsalar da shirin raba mitoci bai kamata ya tsallake ba

Akwai wani irin rashin wuta da ba ya shiga ƙididdigar kowa. Babban layin ƙasa bai faɗi ba, taransifomar unguwa lafiyarta ƙalau, maƙwabta na kallon talabijin, amma gida ɗaya ko shago ɗaya na zaune cikin duhu. Mai wurin ya riga ya biya kuɗinsa, lambobi 20 na katin da ya saya suna cikin wayarsa. Ya danna su a 'yar na'urar lodin da ke hannunsa sau uku, sau huɗu, ita kuwa sai ta yi ta juyi, daga ƙarshe ta nuna ta kasa samun mitar da ke saman turke a ƙofar gida.

Ga mai sayar da ƙanƙara da lemo a bakin titin Kano zuwa Katsina, ko a Kankiya ne ko a Yashe, wannan awa biyu ko uku da ya ɓata yana danna lambobi ita ce ribarsa ta ranar, domin wutar da aka kawo ba za ta jira shi ba. Ga ma'aikacin gwamnati da ya raba albashinsa ya ware na wuta, abin takaici ne ya biya kuɗi ya kuma kwana da fitilar waya.

Da yawa kan ɗora laifin a kan mitar, su ce jabu ce, ko kuma a kan kamfanin wuta, su ce da gangan ne. Wani lokaci hakan na iya zama gaskiya. Sai dai a lokuta da dama sanadin yana cikin gidan, a jikin wayoyin da ke cikin bango. Mitar da na'urar lodin suna magana da juna ne ta cikin wayar wutar kanta, kuma kayan da muka cika gidajenmu da su domin maganin rashin wuta su ne ke cika wannan waya da hayaniyar da ke hana su jin juna.

Yadda mita ke magana ta cikin wayar wuta

Tun bayan da aka fara miƙa kamfanonin rarraba wuta 11 ga 'yan kasuwa a ranar 1 ga Nuwamba, 2013, babu koken da ya kai na kuɗin wuta na ƙiyasi yawa. Gwamnatoci sun yi ta ɓullo da shirye-shirye a kai: tsarin MAP na 2018 wanda mai amfani da wuta ke biyan kuɗin mita, shirin raba mitoci kyauta na NMMP da aka ƙaddamar a watan Oktoban 2020, rancen Dala miliyan 500 daga Bankin Duniya domin farfaɗo da ɓangaren rarraba wuta, da kuma Naira biliyan 21 da Hukumar Kula da Harkokin Wutar Lantarki ta Ƙasa, NERC, ta amince a fitar a 2024 domin sayen mitoci. Duk da haka, alƙaluman hukumar sun nuna cewa zuwa ƙarshen 2024, fiye da rabin masu amfani da wuta da ke da rajista, waɗanda yawansu ya haura miliyan 13, ba su da mita. Ke nan miliyoyin mitoci na nan tafe, kuma garuruwa irin su Kankiya da Kusada, da ke ƙarƙashin kamfanin KEDCO mai kula da Kano da Katsina da Jigawa, suna cikin masu jiran rabonsu.

Da yawa daga cikin mitocin da ake kafawa a 'yan shekarun nan rababbu ne gida biyu. Ainihin mitar, wadda ke awo tana kuma yanke wuta idan kati ya ƙare, ana ɗora ta a saman turke ko a wajen gida domin hana satar wuta. Abin da ake bar wa mai gida shi ne 'yar na'ura mai maɓallai da allo, wadda a takardun kamfani ake kira CIU, jama'a kuma da yawa ke ce mata rimot. Wasu daga cikin waɗannan na'urori suna samun mitar ta siginar rediyo, wasu ta wata siririyar waya ta daban, amma da yawa ana soka su ne a soket, su aika saƙo ta cikin wayar da ke kawo wuta gidan.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Wutar da ke zuwa gidajenmu mai ƙarfin bolt 230 ce, tana kuma kaɗawa sau 50 a kowace daƙiƙa. Injiniyoyi sun daɗe da gano cewa ana iya ɗora wani ƙaramin saƙo mai saurin kaɗawa, sau dubbai a daƙiƙa, a bayan wannan wuta, kamar yadda ake ba direban motar haya wasiƙa ya kai gari na gaba. A 1975 wani kamfani a ƙasar Sukotlan mai suna Pico Electronics ya ƙirƙiro tsarin X10, wanda ya ba mutane damar kunna fitilu da kashe su daga wani ɗaki ta hanyar aika sigina mai kilohaz 120 cikin wayoyin gida. Daga baya kamfanonin wuta suka rungumi dabarar: kamfanin Enel na Italiya ya fara kafa irin waɗannan mitoci a 2001 har ya kai kimanin miliyan 30, Faransa kuma ta kafa mitocin Linky wajen miliyan 35 da ke aika bayanai ta layin wuta.

Abin lura shi ne, ƙasashen Turai ba su saki wannan hanya haka kawai ba. Sun ware zangon kilohaz 3 zuwa 148.5 domin irin waɗannan saƙonni, suka keɓe wa kamfanonin wuta kason farko na zangon, sannan dokokinsu suka ƙayyade iyakar hayaniyar da aka yarda kayan lantarki su zuba a cikin waya kafin a bari a sayar da su. Duk da wannan, masu amfani da X10 a Amurka da Turai sun sha fama da fitilun da ke kunna kansu ko su ƙi jin umarni tun lokacin da kwamfutoci da cajoji suka yawaita a gidaje. Mu kuwa mun shigo da fasahar, amma shingen da ke kare ta bai biyo ta da ƙarfinsa ba.

Abin da ya canza a gidajenmu

Kankiya misali ce mai kyau ta yadda al'amarin wuta ya juya a Arewa. Garin na da tashar sauke wuta ta Kamfanin Dakon Wutar Lantarki na Ƙasa, TCN, a kan layin kilobolt 132 da ya taso daga Kano zuwa Katsina. A watan Yulin 2016, lokacin da kamfanin NBET na Gwamnatin Tarayya ya sanya hannu kan yarjejeniyar sayen wutar sola da kamfanoni 14, wadda jimillarta ta kai megawat 1,125, ɗaya daga cikin ayyukan shi ne tashar megawat 75 da kamfanin Pan Africa Solar zai gina a Kankiya. Taƙaddama kan farashi da lamunin gwamnati ta sa waɗannan ayyuka suka tsaya a takarda.

Babbar solar ba ta zo ba, sai ƙanana suka zo, gida-gida da shago-shago. Abubuwa uku suka ƙara wa wannan sauyi gudu. Na farko, cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, wanda ya mayar da kunna janareta abin da sai an yi lissafi. Na biyu, ƙarin farashin wuta na watan Afrilun 2024, inda aka kai kuɗin 'yan rukunin A, masu alƙawarin awa 20 a rana, zuwa Naira 225 kan kowane yunit kafin a ɗan rage, yayin da sauran rukunan suka ci gaba da zama da alƙawarin awa 16 ko 12 ko 8 ko 4. Na uku, duhun da ya lulluɓe yawancin jihohin Arewa na fiye da mako guda a ƙarshen Oktoban 2024, bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna da kuma matsalar da layin Ugwuaji zuwa Apir ya samu. Wanda duk ya ga wannan duhu, kuma yana da hali, ya nemi faifan sola da batir da inbata.

Sakamakon haka, gidan matsakaicin ma'aikaci a yau ƙaramar tashar wuta ce mai kafofi uku: wutar kamfani, janareta da sola, da makunnin sauya layi a tsakaninsu, wanda masu gyaran wuta ke kira canji-oba. A ciki kuma akwai ƙwayayen fitila na LED, fankoki masu caji, sitabilaiza a bayan firji, da cajojin waya barkatai. A kasuwa abin ya fi haka: shagon cajin waya mai cajoji hamsin a jere, mai POS, mai walda, mai injin markaɗe, tela mai keken lantarki, duk a kan taransifoma ɗaya. Wayar da aka ja shekaru talatin da suka wuce domin ƙwan fitila da fanka da rediyo, ita ce yanzu ake so ta ɗauki wannan kaya duka, ta kuma isar da saƙon mita ba tare da kuskure ba.

Masu hayaniya, masu shanyewa da masu tare hanya

Abubuwan da ke hana saƙon isa sun kasu gida uku, kuma sanin bambancinsu shi ne rabin gyara.

Kashi na farko su ne masu hayaniya. Cajar waya ta zamani, da abin da ke cikin gindin ƙwan LED, da inbata, duk suna aiki ne ta hanyar datse wuta da sakin ta sau dubbai a daƙiƙa. Wannan saurin datsewa ya faɗo daidai zangon da mita ke magana a cikinsa. Kaya mai inganci yana ɗauke da 'yan ƙananan sassa masu tace wannan hayaniya kafin ta koma cikin waya. Waɗannan sassa su ne abin da masu ƙera kaya mai arha ke fara cirewa domin rage farashi, tunda cajar za ta yi caji, ƙwan zai yi haske, mai saye kuma ba zai taɓa gane an cire wani abu ba. A cikin wannan kashi akwai injina masu tartsatsi a cikinsu, kamar na'urar markaɗe ta kicin da injin huda bango, akwai injin walda, sannan akwai haɗin waya da ya saki yana tartsatsi a ɓoye, musamman inda aka murɗe wayar alminiyam da ta tagulla wuri ɗaya.

Kashi na biyu su ne masu shanyewa. Su ba sa hayaniya, amma suna tsotse saƙon kafin ya kai. Na'urar UPS ta kwamfuta, da dogon soket mai kariya daga hawan wuta, da wasu talabijin, suna ɗauke da sassan da aka sa domin su haɗiye duk wani abu mai saurin kaɗawa a cikin waya. A wurinsu saƙon mita ma datti ne, sai su haɗiye shi. Shi ya sa na'urar lodi kan yi aiki a soket ɗin bango, amma ta ƙi yi idan aka soka ta a dogon soket ɗin da ke bayan talabijin.

Kashi na uku su ne masu tare hanya. Idan canji-oba na kan janareta, wayoyin gidan sun rabu da mitar baki ɗaya, don haka babu hanyar da saƙo zai bi. Haka nan a gidan da aka bi da dukkan soket ta cikin inbata, ko ta cikin babbar sitabilaiza, saƙon kan maƙale a nan. A gidaje da shaguna masu layi uku, saƙon da aka aika a layi ɗaya ba ya tsallakawa zuwa ɗaya layin cikin sauƙi. Tsawon waya daga turke zuwa gida, da tsatsa a wuraren haɗi, su ma suna rage masa ƙarfi.

Akwai wani abu da ya kamata 'yan kasuwa su sani: hayaniya ba ta san katanga ba. Duk waɗanda ke kan taransifoma ɗaya waya ɗaya ta haɗa su, don haka injin waldar maƙwabci na iya hana mitar mai shagon magani jin magana. Wannan ne dalilin da ya sa lodi kan ƙi shiga da magariba, lokacin da kowa ya kunna kayansa, ya kuma shiga cikin sauƙi da asuba.

Shaidar da ke cikin akwatin rediyo

Masu sauraron rediyo sun riga kowa sanin wannan matsala, ko da ba su ba ta suna ba. Tun 1957 da Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye, gajeren zango ya zama abokin hirar Bahaushe a shago da zaure. Dattawa da yawa za su shaida cewa a yau tashar da ake kamawa tangaran a gona ko a bayan gari, da an shigo cikin kasuwa sai ta cika da ƙara da shuu. Sau da yawa tashar ba ta yi rauni ba. Wayoyin wutar da suka kewaye mu ne suka zama eriya, suna watsa hayaniyar cajoji da ƙwayayen fitila da inbatoci a iska.

Wasu za su tambaya ko wannan hayaniya na iya sa mita ta ci kati fiye da ƙima. A 2017 masu bincike a Jami'ar Twente da ke ƙasar Holan, ƙarƙashin Farfesa Frank Leferink, sun gwada mitocin zamani tara da fitilun LED da na'urorin rage haske. Biyar daga ciki sun nuna awo fiye da gaskiya, har wata ta kai ƙarin kashi 582 cikin 100, yayin da biyu suka nuna ƙasa da gaskiya da kimanin kashi 30. An yi gwajin ne a ɗakin bincike, cikin yanayi mai tsanani da aka shirya da gangan, don haka ba hujja ba ce ta cewa mitar kowa na cutarsa. Darasin da ke ciki shi ne cewa gwada mita da wuta mai tsabta kawai bai isa ba, tilas a gwada ta da irin wutar da za ta tarar a gidajen mutane.

Yadda ake gano bakin zaren

Mafi yawan wannan bincike mai gida na iya yin sa da kansa, ba tare da ya kwance komai ba, matuƙar ya bi shi daki-daki.

Da farko ya tabbatar akwai wutar kamfani a layin, domin mitar da ba ta da wuta ba ta amsawa. Sai ya mayar da canji-oba kan wutar kamfani, ya kashe janareta da inbata. Idan katin ya riga ya ƙare har mitar ta yanke wuta, na'urar lodin na dogara ne da batiranta, don haka a sa mata sababbi masu ƙarfi, a kuma bar ta a soke a soket duk da cewa babu wuta a cikinsa, tunda wayar ce hanyar saƙon. A soka ta kai-tsaye a soket ɗin bango mafi kusa da inda wuta ta shigo gidan, a kuma tabbatar makunnin soket ɗin a kunne yake.

Idan har yanzu ta ƙi, sai a zare duk abin da ke soke a gidan, a kashe fitilu, a sake gwadawa. In lodi ya shiga, to mai laifin na cikin gida. Daga nan sai a riƙa mayar da kayan ɗaya bayan ɗaya, ana duba ko na'urar na samun mitar, har a kai ga wanda da an soka shi magana ke yankewa. Sau da yawa abin da za a kama ƙaramin abu ne, caja ɗaya ko ƙwai ɗaya da kuɗinsa bai kai na katin kwana biyu ba.

Ƙaramar rediyo mai batir na taimakawa ƙwarai. A sa ta a matsakaicin zango, a wurin da babu tasha, a riƙa kusantar da ita ga cajoji da fitilu da inbata. Inda ƙarar ta fi tsanani, nan ne mafarin hayaniyar. Idan an kashe komai na gidan amma ƙarar na nan a kusa da inda waya ta shigo, to daga waje take zuwa. A irin wannan hali yana da kyau a lura da lokutan da abin ke faruwa, a rubuta su, domin za su nuna ko yana tafiya ne da aikin wani injin a maƙwabta, za su kuma zama hujja idan an je kai koke.

Lambobin katin da mita ba ta karɓa ba suna nan daram, ba su ɓata ba, don haka babu dalilin sake sayen wani cikin fushi. Wanda kuma zai sa sola ko inbata, ya ce wa mai aikin ya bar masa soket ɗaya da ke haɗe kai-tsaye da layin da ya fito daga mita, kafin canji-oba da inbata. Wannan soket ɗaya na magance kaso mai yawa na matsalar. Idan aka gano kaya mai hayaniya da ba za a iya rabuwa da shi ba, ana sa masa matatar hayaniya a wurin da yake shan wuta, ba a gaban na'urar lodi ba, domin matatar za ta tace saƙon mitar tare da hayaniyar.

Abin da bai kamata a yi ba shi ne hawa turke, ko buɗe akwatin mita, ko kiran wani ya yi dabara. Idan aka ji ƙaurin ƙonewa, ko aka ga soket ya yi baƙi, a kira ƙwararren mai gyaran wuta nan take, domin haɗin da ke tartsatsi a ɓoye shi ne mafarin gobara da yawa a kasuwanninmu.

Abin da ke cikin haɗari

Wani zai ce wannan ƙaramar matsala ce idan aka kwatanta da faɗuwar babban layin ƙasa ko satar kayan taransifoma. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mutumin da ya biya kuɗi ya kasa samun wuta sau biyu, sau uku, shi ne wanda zai saurari mai ce masa a zagaye mitar kawai a huta. Daga ranar da ya yarda, ya tashi daga wanda aka cuta ya koma mai laifi. A ƙarƙashin umarnin da NERC ta sabunta a watan Janairun 2025, tarar zagaye mita mai layi ɗaya Naira 100,000 ce a karon farko, 150,000 idan aka sake, mai layi uku kuma Naira 200,000 da 300,000, ban da biyan kuɗin wutar da aka sha.

Wani kuma zai gaji ya ce a cire mitar a mayar da shi kan ƙiyasi, wato ya koma ramin da aka kashe biliyoyin Naira domin fitar da shi. Kamfanin wuta ma asara yake yi, domin duk awar da mita ta yanke wa wanda ke son biya, awa ce da ba a sayar da wuta ba. Sauyin lambobin mitoci da aka yi kafin wa'adin 24 ga Nuwamba, 2024, ya nuna yadda ƙaramin al'amari na fasaha ke iya tara jama'a a ofisoshin wuta idan ba a yi bayani da wuri ba, kuma cikin harshen da suke ji.

Nisa ma na ƙara wa abin nauyi. Mazaunin birnin Kano ko Katsina na iya shiga ofis da safe ya dawo da ma'aikaci da rana. Mazaunin ƙauyukan Kusada kuwa sai ya haɗa da kuɗin mota da asarar yinin kasuwa, a kan abin da wataƙila zare caja ɗaya zai magance.

Wa ke da alhakin gyara?

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Alhakin ya rabu, amma bai rabu daidai ba.

Kaso mafi girma na kan masu zaɓen mitoci da masu kafa su. Kafin a sayo dubban mitoci domin wani yanki, ya kamata a auna irin hayaniyar da ke layukansa, a kuma zaɓi hanyar sadarwar da ta dace da shi. A layin kasuwa mai cike da masu walda da shagunan caji, mita mai siginar rediyo ko mai wayarta ta daban na iya fin dacewa. Bai kamata ɗan kwangila ya bar gida ba sai ya loda kati a gaban mai gidan, ya nuna masa soket ɗin da zai riƙa amfani da shi. Takarda mai shafi ɗaya da Hausa, da sanarwa a gidajen rediyon jiha, za su rage koke fiye da yadda ake zato.

Hukumar NEMSA, wadda doka ta ɗora wa gwada mitoci da duba ingancin haɗin wuta, ya kamata gwajinta ya haɗa da juriyar mita da na'urar lodinta a cikin wuta mai hayaniya. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, SON, ita ke da ƙofar shigowa: caja da ƙwan fitila da inbatar da ba su da matata bai kamata su wuce tashar jiragen ruwa ba, balle su iso kasuwannin Kano, inda 'yan kasuwar Katsina da yawa ke saro kaya. Dokar Wutar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, don haka gwamnatocin jihohi ma na da abin yi, ko da horar da matasan da ke haɗa sola ne da ba su shaidar ƙwarewa. Yawancinsu a bakin aiki suka koya, kuma darasin yini ɗaya kan inda ake sa inbata da yadda ake barin soket ɗin mita zai amfani dubban gidaje.

'Yan kasuwa su ma suna da rawar takawa, tunda su ne masu saro kayan, su ne kuma na farko da hayaniyar ke cuta. Ƙungiyar kasuwa da ta iya tara kuɗin gyaran taransifoma za ta iya yin magana da murya ɗaya a kan raba layin masu manyan injina da na masu shaguna, ta kuma ja kunnen mambobinta kan kayan da arharsu ta wuce hankali.

Shi kuma mai amfani da wuta ya san haƙƙinsa. Idan ya bi matakan da aka zayyana abin bai gyaru ba, ya kai koke a rubuce ga sashen sauraron koke na kamfanin, ya karɓi shaidar karɓa. Ƙa'idar NERC ta ba kamfani kwanakin aiki 15 ya warware, in ya gaza sai a wuce ofishin sauraron koke na hukumar, daga nan kuma zuwa ita hukumar kanta.

Ana auna nasarar shirin raba mitoci da yawan waɗanda aka ɗora a kan turaku, kuma wannan lissafi ne mai sauƙin kai wa taron manema labarai. Ma'aunin da ya dami mai ƙanƙara a Kankiya da malamin makaranta a Kusada shi ne ko lambobi 20 ɗin da suka biya za su shiga a dannawar farko, a daren da aka kawo wuta. Ya kamata NERC ta fara neman kamfanoni su riƙa kawo mata wannan lissafi shi ma: mitoci nawa aka kafa, nawa ne kuma daga cikinsu masu su ke iya loda wa kati ba tare da sun kashe duk abin da ke gidansu ba.